Bakin Mai Shela

Valcrose, Nuwamba 1886

Zuwa ga ƙanena Octave,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, in har a Paris ana samun lokacin amsa gaisuwar 'yan ƙauye. Ni lafiyata ƙalau, ban da ciwon baya. Baba ne ba lafiya, kuma ba irin ciwon da ake kwana biyu a tashi ba ne.

Ranar kasuwa abin ya same shi. Ya fita da gangarsa kamar yadda ya saba tun kafin a haife mu, ya tsaya a bakin rijiyar tsakiyar gari ya buga, mutane suka taru. Shelar ma ba wata babba ba ce, magajin gari ne ya ce a sanar za a rufe gada don gyara. Ya ɗaga takarda ya fara karantawa, sai kalma ta maƙale masa. Ya sake gwadawa, bakinsa ya karkace ya koma hagu, sandar kiɗan ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin keken mai kifi. Waɗanda ke baya sun zaci ya sha ne, har wasu suka yi dariya. Sai da ya zube a kan gangar sannan aka gane ba wasa ba ne.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yanzu yana iya zama a kujera, amma hannun hagu ya mutu, idon hagu ya rufe rabi, yawu na zuba bai sani ba. In zai ce “jama'a” sai ya yi ta “ja, ja, ja” yana girgiza kai kamar doki ya ƙi linzami, daga ƙarshe ya daki hannun kujera don haushi. Mutumin da ake jin muryarsa daga wancan ƙetaren kogi, yau ni ce ke kara kunne a bakinsa in ji ko miya yake so ko ruwa. An riga an ba wani aikin shelar.

Ina ba ka labarin dalla-dalla ne don ka san abin da za ka tarar, kada ka shigo ka razana a gabansa. Ka zo, Octave. Rabonmu da takardarka tun bikin Ista, rabonmu da kai kuwa tun jana'izar Mama. Na san kai da shi ba ku rabu da daɗi ba, amma wanda ya yi maka faɗa a lokacin ba shi ne ke zaune a kujerar nan ba.

Yayarka,
Léonie


Paris, Maris 1887

Yaya Léonie,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, Allah ya ba shi sauƙi. Ni ma na yi fama da mura duk lokacin sanyin nan, har muryata ta kusa dishewa, amma yanzu na warke. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Takardarki ta same ni a daidai lokacin da ba ni da kaina.

Yaya, abin da na daɗe ina jira ya zo. Kin san shekarun da na yi ina fitowa a matsayin bara mai ɗauko faranti, in ce “abinci ya sauka” in koma bayan labule. Wani lokaci ma ko hakan ba a ba ni, sai dai in tsaya cikin 'yan amshi ina buɗe baki. To, gidan wasanmu ya sa sabon wasan barkwanci mai waƙa, kuma ni ne babban mai ba da dariya a ciki. Waƙa uku gare ni ni kaɗai. Ta biyun ba a bari in sauka sai na maimaita ta. Darcel, mai gidan wasan, wanda a da ko sunana bai riƙe ba, yanzu shi ke buɗe mini ƙofa. Jaridu sun rubuta sunana, masu keken doki suna fito da waƙata a titi. Na bar ɗakin nan na ƙarƙashin rufi da ruwa ke yoyo, na koma ɗaki mai murhu.

Saboda haka zuwa gida ba zai yiwu ba yanzu. In na bar dandamali mako ɗaya, akwai mutum uku da ke jiran gurbina. Amma ki faɗa wa Baba wannan: shi ne ya ɗaga ni. Duk ranar da na hau dandamali yana tare da ni, kuma duk tafin da ake yi mini rabinsa nasa ne.

Na aiko masa da bargon ulu ta jirgin ƙasa, ke kuma mayafi. Ki rage yawan aiki saboda bayanki.

Ƙanenki,
Octave


Valcrose, Mayu 1887

Octave,

Muna nan da rai. Baba ya fara taka ƙafa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙari.

Ka san abin da na yi da takardarka? Na zauna a gabansa na karanta masa. Da na zo inda ka ce shi ne ya ɗaga ka, yana tare da kai a dandamali, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce in sake. Na sake. Hawaye suka zubo masa ta idon da ke buɗe. Ya sa na karanta wa fada da ya zo duba shi, na karanta wa mai burodi, na karanta wa duk wanda ya leƙo. Ni ma wawuya, ina ta cewa ashe yaron nan yana da zuciya.

Sai Madam Pichard, matar mai kantin magani, ta dawo daga bikin ɗanta a Paris. An kai ta kallon wasanka. A wurin wanki ta same mu, mata cike, ta ajiye kwandonta ta ce sai ta nuna mana yadda ɗan gidan Brunelet ke kashe mutanen Paris da dariya. Ta karkata baki hagu, ta rufe ido ɗaya rabi, ta saki hannu yana lilo, ta fara “ja, ja, ja” tana girgiza kai. Ta ce har sandar kiɗa kake saki ta gangara, ka bi ta da rarrafe. Wasu matan suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki da riga. Ni ina tsaye da zanen gadonsa a hannu, wanda ya ɓata da daddare.

Tsoho mai shelar ƙauye, ashe shi ne babban matsayin da ka samu. Ba ka taɓa ganin Baba a wannan hali ba, to a ina ka samo karkacewar bakin? A ina ka samo sandar da ta gangara? A takardata. Na rubuta maka ina kuka don ka zo, kai kuma ka zauna ka haddace ta kamar darasi. Ashe da hannuna na rubuta maka wasan.

Rabin tafin nasa ne, ka ce. Gaskiya ka faɗa, ni ce ban iya karatu ba. Shi bai sani ba tukuna, na roƙi kowa kada a faɗa masa. Yana nan lulluɓe da bargonka yana nuna wa baƙi. Nawa mayafin na ba 'yar maƙwabta ta shimfiɗa wa kyanwarta.

Ka daina wasan nan. Ba roƙonka nake yi ba.

Léonie


Paris, Yuni 1887

Yaya,

Na ji Baba ya fara takawa, na gode wa Allah. Ni ina lafiya, ko da yake ba ki tambaya ba.

Kin yanke hukunci a kan abin da wata mai tsegumi ta kwaikwaya miki a wurin wanki. Bari ki ji daga bakina. Ranar gwaji mu da yawa muka nemi matsayin nan. Da aka zo kaina na yi Baba yadda na san shi, ƙirji a gaba, murya kamar ƙararrawar coci, yana karanta shelar ɓatan akuya kamar yana sanar da yaƙi. Na yi shi da kyau, Yaya, ban taɓa yin abu da kyau haka ba. Darcel yana hamma yana gyara farce. Ya ce a kira na gaba. Na ga ƙofar da na yi shekaru ina ƙwanƙwasawa tana rufewa, kuma a lokacin na kwana biyu ban ci komai ba sai ɓawon burodi. Na ce ya ba ni dama ɗaya. Na karkata baki. Makaɗa suka ajiye kayan kiɗansu don dariya. Abin da ya faru ke nan, kuma ba zan ce miki da za a maimaita ranar zan yi wani abu dabam ba.

A wasan sunan tsohon Barnabé, ba Honoré Brunelet ba. Babu wanda ya san Valcrose a Paris. Kuma in kin gani da idonki za ki ga mutane suna son tsohon nan, shi ne ke tona asirin mugun magajin gari a ƙarshe. Wannan Madam Pichard ba ta faɗa miki ba ko?

Kina magana kamar Baba waliyyi ne. Wa ya tsaya a ƙofar gida ranar da zan tafi, a gaban maƙwabta, da muryar nan tasa ta shela, ya ce namijin da ke shafa hoda a fuska don a yi masa dariya ba ɗansa ba ne? Wa ya riƙa kwaikwayon waƙata a teburin abinci yana sa ki dariya? Kin yi dariyar, na tuna. Shi ya fara maida ni abin wasa, ni dai na fi shi iyawa ne.

Daina wasan ba a hannuna yake ba, na sa hannu a yarjejeniya. Nan da 'yan kwanaki za mu fita zagayen garuruwa, kuma a watan Agusta za mu yi wasa a Moulins, nan kusa da ku, ranar wata Lahadi da rana. Na yi ƙoƙari a cire Moulins, Darcel ya ƙi. Kada ki zo. Kada ki kawo shi.

Octave


Valcrose, Yuli 1887

Octave,

Baba yana cin abinci, yana barci. Ni ban cika yi ba.

Kada in zo, kada in kawo shi. Na gane. Bakinsa ya isa a ɗauka a kai Paris, amma shi kansa bai isa ya zauna a kujera kusa da manyan Moulins ba, kada yawunsa ya ɓata maka suna.

Ka makara. Waƙarka ta riga ka isowa. Wani ɗan kasuwa ya kawo ta, yanzu har masu tuya a kasuwa suna yin ta. Makon jiya na fitar da Baba ya sha rana a ƙofar gida, wasu 'yan giya suka wuce, suka gan shi, suka fara “ja, ja, ja” suna buga ciki kamar ganga. Ɗaya ya cire hula ya ce masa, “Ranka ya daɗe, Barnabé, ɗanka ya gaishe ka.” Ciwon ya taɓa bakinsa ne, bai taɓa hankalinsa ba. Ya dube ni, ni kuma na gaji da ƙarya, na faɗa masa komai.

Bai yi kuka ba, bai daki kujera ba. Da yamma ya ture bargonka ƙasa da sanda, ya ce in goge masa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci. Na ce ta mece ce? Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito: Moulins.

Na hana shi, ya ƙi cin abinci sai da na yarda. Saboda haka za mu zo, kuma a layin gaba za mu zauna. Na sanar da kai tun da wuri don kada ka ce an yi maka kwanton ɓauna. Ka san abin da za ka yi da bakinka kafin ranar.

Léonie


Lyon, Satumba 1887

Yaya Léonie,

Ina fatan tafiyar ba ta ƙara wa Baba ciwo ba. Ki gaya mini gaskiya yadda ya kwana bayanta, don tun ranar ban sami labari ba.

Takardarki ta watan Yuli jiya ta iso hannuna. Paris kika aika ta, ni kuwa ina kan hanya, ta yi ta bin mu gari-gari. To ki sani ban san kuna zuwa ba. Kuma da na ce kada ki kawo shi, ba kunyarsa nake ji ba. Kunyar kaina nake ji, ke kuma kullum sai kin zaɓi mafi munin fassara.

Kin ga abin daga kujera, bari ki ji yadda yake daga sama. Na fito da ganga a wuya, na riga na karkata baki tun daga bayan labule, zauren ya ɗauki dariya kafin in ce komai. Na tako gaban dandamali, na duba ƙasa, sai ga baƙar kwat. Ga ki a gefensa kin kafe ni da ido. Ga shi kuma. Yaya, kin rubuta mini yadda ya koma, amma ba ki ce ya ƙanƙance haka ba. Kwat ɗin ta yi masa yawa kamar ta aro.

Makaɗa suka buga mafarin waƙar, ban shiga ba. Suka sake, ban shiga ba. Na baya sun zaci sabon salo ne suna ta dariya, amma mutanen Valcrose da suka cika gefen dama sun yi tsit, don sun ga wanda nake kallo. Darcel yana zagina daga gefen labule. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, har na ji sandar Baba ta daki katako. Kin ji abin da ya ce, kowa ya ji, ko da yake sai da ya yi ta jan kalmomin kafin su fito: “Buɗe baki, Octave. Mutane sun taru.”

Na miƙar da bakina na rera. Na yi ta da muryarsa ta da, ƙirji a gaba, ban saki sandar kiɗa ba, ban yi rarrafe ba. Aka yi tafi kaɗan, irin na ladabi. Babu wanda ya ce a maimaita. Ina gamawa na goge fuska na ruga waje da kayan wasa a jikina, aka ce kun riga kun hau keken doki. Ko minti kaɗan ba ki iya jira ba? Kin ɗauko shi tun daga Valcrose don ya ga abin kunyata, amma ba ki bari na durƙusa a gabansa ba. Wannan mugunta ce, kuma kin sani.

Darcel ya ce mutane ba su sayi tikiti don su ga mai shela mai lafiya ba. A gari na gaba ya ce ko in karkata baki ko in ajiye gangar. Na ajiye. Ya ba wani yaronsa Fabrice matsayin, ni kuma na koma ɗauko faranti har yarjejeniya ta ƙare. Kullum ina tsaye a bayan labule ina kallon mutumin da bai taɓa ganin Baba ba yana karkata baki, ya ƙara da zubar da yawu na ƙarya, kuma ana dariya fiye da yadda aka yi mini. Kin ce in daina, na daina. Ki faɗa mini abin da hakan ya gyara.

Octave


Valcrose, Satumba 1887

Octave,

Baba ya yi zazzaɓi bayan tafiyar, amma ya sauka. Ƙafarsa ta ɗan kumbura. Ni ina nan yadda ka sani.

Kana tambaya abin da ya gyara. Bai gyara komai ba. 'Yan giya suna nan suna waƙarka, Fabrice ɗinka zai kai ta garuruwan da ko sunansu ban sani ba. Kai ka sake ta, kuma ba ta jin kiranka yanzu. Kada ka jira in tausaya maka don ka koma ɗauko faranti. Ni ma faranti nake ɗauka, da abin da ya fi faranti wari, kuma ba a taɓa yi mini tafi ba. Na yarda ban karanta maganarka ta “kada ki kawo shi” daidai ba. Wannan kaɗai na yarda da shi.

Ba ni ce na hana ka ganinsa ba, shi ya ce mu tafi. Kuma kada ka ɗauka don ya yafe maka ne ya yi magana a zauren. A hanya na tambaye shi, ya ce shi dai ba ya iya ganin mutum ya tara jama'a sannan ya tsaya shiru. Ya kuma ce kana sakin numfashi kafin ƙarshen jimla, mai shela ba ya haka.

Akwai abin da ba ka gani ba. Da muka fito, a bakin ƙofar gidan wasan an manna babban hotonka na talla, da ganga da karkataccen baki. Da shigarmu na tare masa shi da jikina, amma da fitowa ya gani. Ya tsaya ya dogara da sanda yana kallo, mutane suna ratsa mu. Tun da ciwon ya same shi na kwashe madubin gidan duka na ɓoye, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ce mini, “Haka nake?” Na ce a'a. Ya ce, “Ya gan ni ne kafin ya yi?” Na ce bai gan ka ba, Baba, a takarda ya karanta. Muka hau keke, muka wuce gada. Sannan ya ce, “To, ya zo ya gani.”

Saƙon ke nan, ba nawa ba ne. In ta ni ce, da ba ka ƙara taka ƙofar nan ba. Ka nemi izini a wurin Darcel, mai ɗauko faranti ba ya wuyar maye gurbi. Kada ka kawo tsaraba, kada ka shirya jawabi. Ranar Asabar nake yi masa aski, kuma in na zo gefen hagu sau da yawa ina yanka shi. Wannan karon kai za ka riƙe askar. Za ka tallafi haɓarsa da hannunka, ka ja fatar kuncin da ya mutu, ka goge yawun in ya zubo, fuskarka dab da tasa, ba makaɗa ba labule. Ni zan tsaya a bayanka da ruwan zafi.

Jirgin safe yana tsayawa a Valcrose. Babu wanda zai tarye ka, ka san hanya.

Léonie